Dilshada da Saniyar Inna

"Aje taɓaryar nan! Na ce ki aje ta!"

Muryar Inna Ladi ce ta tsaga tsakar gida da hantsi, har kajin da ke tsince-tsince a gindin turmi suka watse. Dilshada ta tsaya cak da taɓarya a hannu, ta juyo a hankali.

"Inna, gero kaɗan ne. Zan iya."

"Ki iya mi? Da wanga hannu naki kamar babu ƙashi ciki? Ki karye, a bugo waya daga Indiya a ce mun naƙasa musu ɗiya? Baraka! Zo amshi dakan ga. Ke kuma tahi ki zauna bisa kujerarki."

Baraka, matar Hamisu babban ɗan Inna, ta zo ta karɓi taɓaryar tana sunkuyar da kai. Dilshada ta koma inuwar darbejiya, ta zauna a kan farar kujerar roba da Inna ta sa aka ajiye mata tun ranar da ta iso. Wata uku ke nan tana zaman kujerar nan kamar kayan nuni. Matan unguwa su shigo da sunan gaisuwa, su zuba mata ido, su tafi. 'Yan mata kuwa har layi suke yi: "Anti, don Allah ɗan yi mana rawar nan ta fim!" Ba wanda ya taɓa tambayarta daga wane irin gida ta fito.

Ga yadda aka yi ta zo wannan ƙauye da ke tsakanin Gummi da Bukkuyum. Faruku, autan Inna, ya samu tallafin karatu ya tafi Indiya koyon haɗa magunguna. A can ya haɗa ɗaki da wani saurayi ɗan Kashmir mai suna Bilal. Da hutu ya zo, Bilal ya ce ba zai bar abokinsa shi kaɗai a makaranta ba, ya ja shi ƙauyensu. A nan Faruku ya ga ƙanwar Bilal tana saukowa daga tudu da damin ciyawa a ka, ya ji zuciyarsa ta tsaya. Sai da ya yi zuwa huɗu kafin mahaifinta, Gulam Rasul, ya saurare shi. Dangi sun ce baƙon nesa ne, ba a san asalinsa ba. Tsohon ya zuba ido, sai da ya ga Faruku ya yi kaka guda yana ɗaukar akwatunan tuffa a kafaɗa, ba ya fashin jam'i, ba ya ɗaga ido ya kalli matan gida. Sannan ya ce, "Na ba shi." Inna ma ta amsa ta waya, amma amsar baki ce, don ba ta taɓa zaton yarinyar za ta biyo shi har gida ba.

Yanzu Faruku yana aiki a wani babban kemis a Gummi, ya fita da safe a kan babur, ya dawo da yamma. Hausar da ya yi shekara biyu yana koya wa matarsa ta zauna a bakinta, sai dai harshenta na ɗan karkata kalmomin, abin da ke ba matan gida dariya.

Da Inna ta shige ɗaki, Baraka ta rage murya tana daka. "Ki yi haƙuri, amarya. Ai gata ake yi miki."

"Wannan ba gata ba ne, Yaya Baraka," in ji Dilshada, idonta ya cika da ƙwalla. "Kuna ganina kamar 'yar birni. Wallahi ƙauyenmu bai kai naku girma ba."

"Ke dai! Indiya guda?"

"Gidanmu na katako ne da bulo, hawa uku. Ƙasa na shanu ne, mu muna sama, ɗumin jikinsu yana hawo mana lokacin sanyi. Ruwa yana saukowa daga kan duwatsu, ya bi ta ƙofar kowane gida yana gudu, sanyi kamar ya tsinke yatsa. A nan muke wanke-wanke. Da asuba ni ke tatsar madara, in je wurin mai gashin gurasa in karɓo ta da zafinta, sannan mu wuce gona. Lokacin dashen shinkafa, mata mu jeru cikin taɓo har gwiwa muna waƙa, tun safe sai rana ta faɗi bayan dutse. Da kaka kuwa, hannuna baƙi ƙirin yake yi saboda ɓarar 'ya'yan wani babban itace mai kama da gyaɗa, sai ya yi wata bai fita ba."

Baraka ta dakata da dakan. "To ƙanƙarar da ake cewa tana zubowa kamar auduga fa?"

Fuskar Dilshada ta washe, karo na farko a ranar. "Takan rufe hanya wata biyu, wani lokaci uku. Shi ya sa tun da kaka muke yanka tumatir da kabewa da gauta, mu zura a zare, mu rataye a bakin rufi su bushe, kamar yadda kuke yin kauɗa da busasshiyar kuɓewa. In sanyi ya shigo, kowa ya sa babbar riga har ƙasa, ya rungumi ɗan kaskon garwashi mai kwando a cikinta. Kafin nan kuma ganyen manyan itatuwa ya koma ja wur, duk kwarin ya zama kamar an kunna masa wuta. Yaya Baraka, da kin gani!"

"Ikon Allah! Ashe ke ma 'yar ƙauye ce irinmu."

"Ina alfahari da haka. Amma Inna ba ta bari in nuna."

Ta gwada, ba sau ɗaya ba. Wata safiya ta tashi ta dafa shayin ƙasarsu, wanda ake sa wa 'yar kanwa da madara da gishiri har ya koma ruwan hoda, shayin da ake tarbar babban baƙo da shi. Ta durƙusa ta miƙa wa Inna. Kurɓa ɗaya Inna ta yi ta furzar.

"Subhanallahi! Shayi da gishiri? Ke, miya kika yi ko shayi?"

Gidan ya kwashe da dariya. Dilshada ta ɗauki kofin ta koma ɗaki, ta sha abinta tana hawaye.

Damina ta kankama, gero ya kai ƙugu, sai abin ya fito fili. Ranar wata Juma'a bayan la'asar Inna ta sa aka kira Faruku ɗakinta, ga Hamisu zaune. Dilshada na shanya kaya a bayan ɗakin, ta taga maganar ta riƙa fitowa.

"Auta, na yi shiru na gaji. Ka ɗauko hoto ka kawo mini gida. Ba ta daka, ba ta tuƙa tuwo, ba ta san ƙasarmu ba."

"Inna, ai ke kika hana ta..."

"Rufe mini baki! Ka maishe ta wurin iyayenta tun ana mutunci. Wagga ba mai zama ba ce. Yau ko gobe za ta ce zafi ya ishe ta, ta ja ka ku tahi, in mutu ban gan ka ba."

Hamisu ya gyara murya. "Faruku, umarnin uwa ba abin wasa ba ne. Ka nemi takardunta, ka sallame ta cikin girma."

Sai Dilshada ta ji muryar mijinta, da alama a durƙushe yake.

"Inna, ban taɓa saɓa miki ba, kuma ba zan fara yau ba. Amma yarinyar nan ta bar uwa da uba, ta ƙetare teku ta biyo ni saboda amana. Mahaifinta ya damƙa mini ita a masallaci. In na kore ta ba laifin komai, me zan ce wa Allah? Ki ba ni zuwa kaka. In an yanke gero ba ki ga alherinta ba, mu sake zama."

"Zuwa kaka," in ji Inna. "Ba ƙari."

Da Faruku ya shigo ɗakinsu, ya tarar da Dilshada zaune a bakin gado, fasfo ɗinta a kan cinya.

"Na ji komai," ta ce. "Ba na so ka rasa albarkar Inna saboda ni. In tafiyata ce mafita, ka saya mini tikiti."

Ya karɓe fasfo ɗin ya tura ƙarƙashin akwati. "Tikitin ina? Dilsha, kalle ni. Kina son tafiya?"

Ta fashe da kuka. "Ba na so! Ina kewar Moji, ina kewar ruwan ƙofar gidanmu, amma ba na so!" Moji, haka take kiran mahaifiyarta.

"To shi ke nan. Inna ba muguwa ba ce, tsoro take ji. Ki ci gaba da gaishe ta, ki ci gaba da haƙuri. Ni siriyos nake, babu inda za ki."

Haka ta yi. Kullum da safe ta durƙusa a ƙofar Inna ta yi gaisuwa, a amsa mata da "lahiya" guda, ta tashi. Ba ta taɓa kai ƙara gida ba. In Moji ta kira ta tambaya, sai ta ce, "Suna ji da ni, ko tsinke ba sa bari in ɗauka." Ba ƙarya ta yi ba, amma ita kaɗai ta san ɗacin maganar.

Sai ranar kasuwar Bukkuyum, cikin watan Agusta. An kwana ana ruwa, gari ya waye da laka. Faruku ya tafi Gummi, Hamisu da mazan unguwa sun wuce kasuwa. Wajen hantsi aka ji kururuwar Inna daga garken bayan gida.

"Wayyo Allah! Jama'a ku zo! 'Yar Gata za ta mutu!"

'Yar Gata farar saniyar Inna ce, jikanyar wadda mahaifinta ya ba ta ranar da aka kawo ta gidan miji, shekara arba'in da suka wuce. Tun asuba take naƙuda. Yanzu ta kwanta a gefe tana nishi, idanunta sun firfito, ƙafar maraƙi ɗaya da hancinsa sun leƙo sun tsaya, ba gaba ba baya. Bafulatanin da ya saba duba musu shanu ya tashi da garkensa tun farkon damina. Baraka ta yi ta kiran Hamisu, waya ta ƙi shiga.

Maƙwabcinsu, tsoho Malam Sufyanu, ya shigo yana dogara sanda, ya duƙa ya duba, ya girgiza kai. "Ladi, haƙuri za ki yi. Ɗan ya gicciye. A kawo wuƙa a yanka ta tun ba ta zama mushe ba."

Inna ta zube a cikin laka, ta rungume wuyan saniyar. "Ita kaɗai ta rage mini daga gidan ubana!"

"Kada a kawo wuƙa."

Duk suka waiga. Dilshada ce tsaye, ta ɗaure mayafinta tamau a ƙugu, ta naɗe hannun riga har kafaɗa.

"Ke koma ciki!" in ji Inna cikin kuka. "Nan ba wurin kallo ba ne!"

"Ba kallo na zo ba, Inna. Yaya Baraka, ruwan ɗumi da sabulu. Man gyaɗa, kwalba guda. Da igiya mai laushi. Yi sauri!"

Muryar ba irin wadda suka sani ba ce. Baraka ta ruga. Dilshada ta wanke hannu har kafaɗa, ta shafe shi da mai, ta yi bisimilla, ta durƙusa a cikin laka da kashin shanu ba tare da ta ko yamutsa fuska ba. Ta zura hannu a hankali, ta lumshe ido tana lalube.

"Yana da rai," ta ce. "Ƙafa ɗaya ce ta lanƙwashe baya. Inna, riƙe mini wutsiya, ki ɗaga sama. Ki yi mata magana, muryarki ta sani."

Inna Ladi, wadda ba a taɓa ba wa umarni a gidan nan ba, ta rarrafo ta kama wutsiya.

Dilshada ta jira nishin saniyar ya lafa, ta dafa goshin maraƙin ta tura shi baya da iyakar ƙarfinta. Saniyar ta yunƙura, ta matse mata hannu har ta cije leɓe, gumi na tsiyaya daga haɓarta. Ta sake jira, ta sake turawa. Sau uku tana yi. A na huɗu ta cim ma kofaton da ya ɓuya, ta dunƙule shi cikin tafin hannunta don kada ya yaga cikin uwar, ta juyo da shi sannu a hankali, sai ga ƙafa ta biyu ta fito.

"Allahu Akbar!" in ji Malam Sufyanu.

Ta ɗaura igiya a ƙafafun biyu, ta miƙa wa Baraka ɗaya bakin. "Sai ta yi nishi za mu ja. Ƙasa-ƙasa, ba sama ba. Yanzu! Ja! Tsaya... Ja!"

Kai ya fito, kafaɗa ta biyo, sai sulluɓ! Maraƙa fara ta zubo a kan ciyawa. Amma ko motsi ba ta yi.

"Ta mutu," Inna ta faɗa da raunanniyar murya.

Dilshada ta sa yatsu ta kwashe yauƙin da ya toshe baki da hancin, ta dumbuzo harawa ta shiga goge ƙirjin maraƙar da ƙarfi. Ta zari tsinke ɗaya ta soka mata a hanci. Shiru. Ta sake sokawa. Sai maraƙar ta yi atishawa, ta girgiza kunne, ta saki wani siririn kuka. 'Yar Gata ta ɗago kai ta amsa, ta yunƙura ta miƙe, ta juyo tana lasar ɗiyarta.

Baraka ta rangaɗa guɗa har sau uku. Malam Sufyanu ya daɗe yana kallon Dilshada, sannan ya ce, "Shekarata saba'in cikin dabbobi, ban yi zaton wagga saniya za ta tashi ba. Ɗiyata, Allah shi yi miki albarka."

Inna ta ɗauki butar ruwan ɗumi da kanta, ta kamo hannun surukarta tana wanke mata. A nan ta ji kantar da ke tafin hannun, ta ga tabon lauje a yatsa, abin da wata bakwai ba ta taɓa kula da shi ba.

"Wa ya koya miki?"

"Moji. A garinmu in ƙanƙara ta rufe hanya, babu likitan dabbobi. Mata ke karɓar haihuwar shanu. Ina da shekara goma sha biyu na fara riƙe mata fitila, ina sha biyar na karɓa da kaina."

Hawaye ya gangaro wa Inna. "Na zalunce ki, ɗiyata. Na dubi hwarar fatarki na yanke miki hukunci. Tsoro nike ki ɗauke mini Auta."

"Inna, ranar da zan taho, babana ya raka ni har bakin gada. Ya ce, 'Gidan mijinki shi ne gidanki, uwarsa uwarki ce. Kada ki sa a ce 'yar ƙauyenmu ba ta iya zama da mutane ba.' Ban zo in ɗauke miki ɗa ba. Zuwa na yi in ƙaru a cikin 'ya'yanki."

Inna ta jawo ta ta rungume, laka da jini da komai, suka yi ta kuka.

Da yamma Faruku ya dawo ya tarar da gidan cike da mata, ya tsorata, ya yar da babur ya shigo da gudu. Sai ya ga mahaifiyarsa tsaye a tsakiya tana ba da labari da hannu da ƙafa.

"Ku dube ta da kyau! Surukata ce! Abin da ya gagari maza, ita ta yi shi!" Ta hango shi da Hamisu a bakin zaure. "Ku matso ku ji. Maganar kaka na janye ta, kada in sake jin ta a bakin kowa. Maraƙar ga kuma ta Dilshada ce, halak malak. Hamisu, gobe ka kewaye mata filin bayan rijiya, ta shuka abin da take so."

Hamisu ya sosa ƙeya. "Amarya, a yafe mana."

"Babu komai, Yaya," ta ce. Faruku kuwa sai kallon matarsa yake, ƙirjinsa kamar ya fashe don alfahari.

Bayan kwana biyu Inna ta ce lallai sai ta ga matar da ta haifi wannan yarinya. Faruku ya hau da ita kan tudun bayan gida inda waya ke kamawa, ya kira Bilal ta bidiyo. Sai ga wata dattijuwa da farin ɗankwali da jajayen kumatu, bayanta koren kwari shimfiɗe, gonakin shinkafa hawa-hawa, can nesa duwatsu masu farin kai.

"Assalamu alaikum!" Inna ta ƙwala, kamar mai kiran wani a hayin gulbi.

"Wa alaikumus salam!" Moji ta amsa.

Iyakar abin da suka iya faɗa wa juna ke nan. Amma Inna ta fizge wayar ta nufi garken da ke gindin tudun, ta nuna maraƙa tana tsotson uwarta, ta nuna Dilshada, ta dafa ƙirji ta ɗaga hannu sama. Moji ta gane sarai. Ta share ido da gefen ɗankwali, ita ma ta sauka ƙasan gidansu ta nuna tata saniyar, baƙa mai farin goshi. Inna ta nuna geron da ya fara fitar da kai, Moji ta nuna rassan tuffa da aka tokare da sanduna don nauyin 'ya'ya. Tsofaffin nan biyu suka yi ta nune-nune suna dariya, kowace na yabon arzikin 'yar'uwarta da harshen da ɗayar ba ta ji, har cajin wayar ya ƙare.

Kafin shekara ta zagayo, filin bayan rijiya ya zama lambun da ake zuwa gani daga ƙauyukan kusa, kuma duk matar da akuyarta ko saniyarta ta sha wuyar haihuwa, gidan Inna Ladi take aikowa. Allah Ya ba Dilshada ɗiya mace, Inna ta goya ta da zanenta.

'Yan'uwa matasa, ku duba ku gani. Da Faruku ya ɗaga wa mahaifiyarsa murya, da ya yi asarar albarka. Da kuma ya saki matarsa ba laifi, da ya ci amana. Ya bi tsakani da ladabi, Allah Ya fid da shi. Dilshada ba ta rama wulaƙanci da rashin kunya ba, ba ta kuma ji kunyar ƙauyen da ya raine ta ba, sai ga tarbiyyar ƙauyen nan ta ɗaga darajarta a ƙasar da ba ta san kowa ba. Ku iyaye kuma, kada launin fata ko nisan gari ya sa ku yanke wa ɗan mutane hukunci kafin ku san halinsa. Allah Ya ba mu haƙurin zama da juna, Ya sa mu gama da iyayenmu lafiya.